Yadda Na Ɓata Sunan Mai Fetur a Bakin Ruwan Kainji

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da abokin tafiyata. Inji yana kafaɗata a naɗe cikin buhu, shi kuma yana riƙe da jakar kayan aikina. Masu bin rubutuna sun san da na dawo daga tafiya nake ba da labari, amma wannan sai da na yi mako uku ina juya shi a raina kafin na iya zama na rubuta. Ba labarin da zai sa a yabe ni ba ne.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran janareta da injin ban-ruwa nake yi a nan Kontagora, kuma na daɗe a sana'ar. Baffan matata yana zaune a wata tungar masunta a bakin ruwan Kainji, can gaba da Nasko. Iska ta kayar da babbar rumfar da matan tungar suke bandar kifi a ƙarƙashinta, ana so a kafa sabuwa kafin ruwan sama ya sauka. Matsalar ita ce ramukan dirkoki. Wurin tudu ne, ƙasarsa a wannan lokaci na zafi ta yi tauri kamar daɓe. Da Baffa ya faɗa mini haka a waya, sai na ce masa kada kowa ya taɓa dagi, ina tafe da injin da zai gama aikin kafin azahar.

Injin kuwa a wurin wani mai sayar da kayan gwanjo na same shi, cikin tarkacen da aka sauke daga Legas. Ja ne, yana da hannuwa biyu na riƙewa, a ƙasansa akwai dogon ƙarfe murɗaɗɗe da ya kai mini ƙirji, a bakin ƙarfen kuma an ɗaura wuƙaƙe biyu masu sheƙi. Mai kayan ya ce na haƙa rami ne. Na ga hoton kifi a jikin tankin, na ɗauka tambarin kamfani ne. Na wanke kafireta, na sa sabon filogi, na haɗa masa fetur da baƙin mai kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. Ja biyu ya tashi. Na kashe shi ban ko gwada shi a ƙasa ba, don kada wuƙaƙen su dakushe kafin ranar nuna bajinta. Da zan naɗe shi, na bi duk abin da ke murɗuwa a jikinsa na ɗaure tamau, har da wani ɗan noti da ke kan murfin tankin, don kada mai ya zuba a mota.

Motar da muka samu ƙaramar bas ce da ta ga duniya. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya zuwana na ƙarshe, da na yi ƙorafi direban ya nuna mini gidan mai da haɓa. Aka cusa injin a ƙarƙashin kujerar baya, ƙarfen ya miƙe har tsakanin ƙafafun fasinjoji. Hanyar Ibeto wani wuri lafiya, wani wuri kuma direba sai ya bar kwalta gaba ɗaya ya bi gefe, don gefen ya fi kwaltar daɗin bi. Gonaki duk an share su, ana jiran ruwa. Muna wuce matan Kambari a jere, kaya a kafaɗa, suna tafiya da sauri kamar ba su ɗauki komai ba.

Kafin mu kai Ibeto warin fetur ya cika motar. Wata tsohuwa ta ce ita ba za ta ƙone a hanya saboda abin wasan wani ba. Muna tsayawa a Ibeto direba ya ce in zubar da man ko in sauka. Na ce masa an haɗa shi da baƙin mai, ya ce motarsa ba ta da tsangwama, ya kawo mazurari ya juye mini shi kaf a tankinsa. A nan muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Abokina ya sayi mangwaro cike da leda a kan kuɗin da a Kontagora ba zai ba ka biyar ba.

Daga Nasko babura muka hau. Mai babur ɗina ya ɗaure injin a tsaye a bayana, ƙarfen ya yi sama, duk ƙauyen da muka ratsa sai an bi mu da kallo. Ba zan ɓoye ba, kallon ya yi mini daɗi. Hanyar turɓaya ce da kwazazzabai, sau biyu muna sauka mu tura. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da muka hau wani tudu, sai ga ruwa a gabanmu shimfiɗe, ba ka ganin ƙarshensa, jirage ƙanana a kansa kamar an watsa ɓawon gyaɗa. Ƙamshin banda ne ya fara tarbar mu kafin mutane.

Baffa ya sauke mu da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wanda in ka ci sai ka raina duk kifin da ka taɓa saya a gari. Hausar tungar kala-kala ce, kowa da irin lanƙwasar harshensa, amma ana fahimtar juna. Muna wanke hannu ya kai mu filin. An riga an auna, an kafa tsinke a duk inda rami zai zauna, an jera itatuwan dirka a gefe. Mata sun bar aikinsu sun zo, masuntan da ba su fita ba suna tsaye, har da mai unguwa an kawo masa kujera. Baffa ya gabatar da ni da cewa, "Ga surukin nawa, injiniya ne a Kontagora." Ban gyara masa ba.

Tunda tanki babu komai, aka aika a kawo mai. Mutum ɗaya ne yake sayar da fetur a tungar, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, yana da 'yar rumfa a bakin mashigi inda jirage suke tsayawa. Duk mai injin jirgi a wurinsa yake saya kafin ya shiga ruwa. Shi da kansa ya kawo kwalba biyu, ya ce yana so ya ga abin da idonsa. Na auna baƙin mai na haɗa, na zuba, na rufe.

Na rufe cok, wato makullin iska, na danna 'yar robar da ke turo mai, na ja igiya. Shiru. Na sake ja, na sake. Wajen ja na goma na gane na cika masa mai saboda zumuɗi. Na kwance filogi, ga shi jiƙe sharkaf. Na goge, na busar, na jingina shi da jikin injin na ja igiya don in ga ko yana ba da wuta, yana bayarwa shuɗiya tas. Na mayar, na buɗe cok, ja ɗaya ya ɗauka da ƙara. Mata suka yi guɗa. Na tsaya ina ba shi wuta ina jira ya yi zafi, ina kallon jama'a ta wutsiyar ido. Bai fi minti biyu ba ya fara shaƙewa, ya yi tari, ya mutu.

Daga nan na shiga aikin da na sani. Na cire matatar iska, tsaf take. Na duba tiyon mai ko ya tsage, lafiyarsa ƙalau. Na buɗe tanki na zaro 'yar matatar da ke ciki na hura, na mayar na rufe. Ya tashi, ya yi minti biyu, ya mutu. Na shimfiɗa tsumma na kwance kafireta gaba ɗaya, na wanke duk wata kafa da ke cikinta, na ɗaura. Na leƙa tanki, na rufe. Ya tashi, ya mutu. Na sa wani filogin, na kwance salansa ko hayaƙi ya toshe ta. Duk ɗaya. Rana ta take, gumi yana shiga mini ido. Guɗa ta daɗe da ƙarewa. Ina jin wasu suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu, sai a yi 'yar dariya. Baffa yana tsaye ya goya hannu a baya, ya ƙi kallona don kada in ji nauyi, abin da ya ƙara mini nauyin ke nan.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ce a raina, a shago da man gari lafiya ya yi, yanzu me ya sauya? Mai kaɗai. Ban tsaya na tuna cewa a shagon ko minti ɗaya ban bar shi ya yi ba. Na ɗauki ragowar kwalbar na ɗaga ta a rana, na shinshina, na girgiza kai yadda kowa zai gani.

Na ce, "Wannan man ba shi da kyau. An yi masa haɗi."

Dattijon ya matso, ya ce, "Malam, daga gidan mai na ɗauko shi shekaranjiya. Ban sa masa komai ba." Ya karɓi kwalbar ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya miƙo mini. Kafin ya gama miƙowa ya bushe, babu maiƙo, babu ɗigon ruwa. Na san abin da hakan yake nufi, kullum haka nake gwada mai a shagona. Amma idanu suna kaina.

Na ce, "Baba, aikina ke nan. Ba yau na fara ganin man da aka sirka da kananzir ba."

Ya goge hannunsa a rigarsa, ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya juya ya gangara rumfarsa. Bai yi nisa ba wani ya ce ai shi ma injinsa ya yi ta tari a tsakiyar ruwa makon jiya. Wani ya ce dama ya lura mai ba ya daɗe masa. Wasu baƙin masunta biyu da suka zo daga tungar ƙetare suka kalli juna, suka ɗauki jarkokinsu babu komai a ciki suka nufi jirginsu. Ina ganin duk wannan, kuma abin da na ji a lokacin sauƙi ne, don an daina kallona.

Aka samo wani man a tankin babur ɗin mai unguwa, wanda ya sha a Nasko. Na juye na dattijon, na haɗa wannan na zuba. Ya tashi, ya yi minti biyu, ya mutu.

Ina durƙushe a gabansa ban san abin da zan ƙara kwancewa ba, sai ga wani masunci ya hauro daga ruwa, taru a kafaɗa, wandonsa jiƙe. Bai san abin da aka yi ba. Ya tsaya ya ga tashi ɗaya da mutuwa ɗaya, ya ce, "Sannu da aiki, maigida. Ka ba shi iska kuwa?" Ban gane ba. Ya sunkuya ya sa yatsa biyu ya sassauta ɗan notin nan na kan murfin tanki. Muka ji tankin ya ja numfashi, fiss. Ya ce, "Irin na tankin jirgi ne. In ka ɗaure shi mai ba ya sauka." Ya gyara tarunsa ya wuce abinsa.

Na ja igiya. Injin ya tashi ya yi ta ruri, minti biyar, minti goma, ko gezau. Da hannuna na ɗaure notin nan a shagona. Duk lokacin da na buɗe tanki iska takan shiga, shi ya sa yake tashi, in ta ƙare ya mutu. Na ga wasu sun waiwaya wajen rumfar dattijon, sannan suka sunkuyar da kai.

Na ce to bari in rufe kunya da aiki. Ni da abokina muka kama hannuwan, muka ɗora bakin ƙarfen a kan tsinken farko, na ba shi wuta. Ya juya da ƙarfi, ya ɗan kankare ƙura, ya yi ta zamewa yana rawa a wuri ɗaya. Muka danna da nauyinmu, ya fizge mu har abokina ya kusa faɗuwa. Aka zuba ruwa a wurin, muka sake. Ramin da muka samu ko kwanon sha ba zai zauna a ciki ba. Da na ɗaga ƙarfen, wuƙaƙen nan masu sheƙi sun dakushe, ɗaya ta ɓantare.

Abokina malamin makaranta ne. Ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin injin, ya hau kan tudu inda ake samun sabis, ya daɗe. Da ya dawo yana ta cije leɓe. Ya miƙo mini wayar. Wasu Turawa ne cikin manyan riguna, suna tsaye a kan tafkin da sanyi ya daskarar ya zama ƙanƙara fari fat. Ɗaya ya ɗora inji irin nawa sak, ya huda ƙanƙarar cikin ƙiftawar ido, ruwa ya ɓullo, ya zauna a kan bokiti ya zura ƙugiya. Injin huda ƙanƙara ne na masu kamun kifi a ƙasashen sanyi. Shi na ɗauko daga Kontagora a tsakiyar zafin bazara.

Wayar ta zagaya hannu-hannu. Masunta suka manta da ni, suna ta mamakin mutum yana tafiya a kan ruwa da takalmi, wani yana tambaya to kifin ba ya mutuwa ne a ƙasa. Baffa ya kalla sau biyu, ya ce, "Ashe dai na masunta ne, ɗana bai yi ɓatan gida ba. Sai dai mu jira ruwanmu ya daskare." Aka fashe da dariya, har da ni. Wannan kunyar mai sauƙi ce, ana dariya ta wuce.

Aka fito da dagi da gwangwanaye. A zuba ruwa, a jira ya tsuma, a sara, a kwashe. Na karɓi dagi ɗaya na ƙi saki, duk da Baffa ya ce baƙo ba ya haƙa. Kafin la'asar sakaliya tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. An gama fiye da rabin ramukan a ranar, aikin da da an fara shi tun mako guda da ya wuce ba don na ce a jira ni ba.

Kafin magariba na ce wa Baffa zan zagaya gidan dattijon in ba shi haƙuri. Ya ce, "Ɗana, mutumin nan tun kafin a haifi matarka yake sayar mana da mai. Da shi yake ci da gidansa. A gaban mutane ka faɗi maganar nan. In ka je gida ka ba shi haƙuri zai ce ya yafe, don ba shi da riƙo. Amma waɗanda suka ji ta fa?" Ban taɓa jin Baffa ya yi mini magana mai tsawon haka ba.

Washegari da sassafe, lokacin da jirage suke shirin fita, na gangara mashigi. Dattijon yana zaune a rumfarsa, kwalabe a jere, babu kowa a gabansa. Na tsaya a inda kowa zai ji ni. Na ce, "Jama'a, ku saurare ni. Abin da na faɗa jiya a kan man Baba ƙarya ne. Mansa lafiya lau yake. Laifina ne, ni na toshe injina da hannuna. Kuma tun da ya zuba a hannunsa na san mai kyau ne, na ƙi faɗa don kada a ce ban iya aiki ba." Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini.

Ya kama kafaɗata ya ce, "Tashi, Malam, tashi. Na yafe duniya da lahira." Ya kalli ruwa, ya ce, "Sai dai waɗancan na ƙetare sun riga sun tafi da maganar."

Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya ce injinsa ya yi tari shi ya fara miƙo jarkarsa, yana cewa ai dama filoginsa ne ya tsufa. Na nemi a kai ni ƙetaren, aka ce mutanen sun wuce kamun kifi can sama, sai bayan kwanaki. Na roƙi mai unguwa ya isar musu da saƙona in sun dawo, ya ce zai yi.

Muka taya aka ƙarasa ramukan, aka fara kafa dirkoki, sannan muka yi sallama. Matan tungar suka cika mana kwali da bandar tarwaɗa, na ce ban cancanta ba, shugabarsu ta ce ladan hannuna ne da ya fashe, ba na inji ba. A hanyar dawowa na kwantar da injin a kan babur na rufe shi ruf da buhu. Mun sami mota a Nasko ba tare da jira ba, hadari yana haɗuwa ta gabas muna wuce Ibeto, muka shigo Kontagora ana kiran la'asar. Abokina bai tayar da maganar ba ko sau ɗaya a hanya, Allah ya saka masa.

Rumfa ta tsaya kafin ruwan farko, Baffa ya faɗa mini a waya. Na koyi in gwada abu kafin in yi alkawari da shi, na kuma koyi fara duba ƙaramin abu kafin in kwance babba. Waɗannan duk mai gyara zai iya koyonsu a shago. Abin da sai da na je bakin ruwa na sani game da kaina shi ne, in kunya ta matse ni, ina iya ɗaukar ta in ɗora wa wanda ba zai iya rama mini ba, ina sane. Na tambayi Baffa labarin dattijon. Ya ce mutanen tunga duk sun koma saye a wurinsa. Na ce na ƙetare fa? Ya ce an isar musu da saƙo, ɗaya ya dawo. Ɗayan har yau da jarkarsa cike da mai yake zuwa.